Garantin Alhaji Ilu

Justina ta shekara talatin da ɗoriya a Gumel kafin mijinta ya mallaki mota, kuma ita ce ta matsa masa ya saya.

Su biyun mutanen Mangu ne, can ƙasar Filato. Aikin gwamnati ne ya kawo su tun suna sababbin aure, shi Hezekiah malamin dabbobi, ita kuma ungozoma a asibitin gari. Sunansa ya yi wa mutanen Gumel nauyi a baki, sai suka huta da shi suka riƙa ce masa Likita. Ita kuwa tun da ta haifi 'yarta ta fari ta koma Maman Rejoice, har yaran da ta karɓi haihuwarsu suka girma suka yi aure ba su san tana da wani suna ba.

Da lokacin ritaya ya zo, gwamnati ta sallami Likita, amma makiyaya ba su sallame shi ba. Wayarsa ba ta hutawa. Yau saniya ta kasa haihuwa a wata ruga bayan Sule Tankarkar, gobe awaki suna zawo a wani ƙauyen Gagarawa, ran Alhamis kuma wani ya sayi bijimi a kasuwar Maigatari yana so a duba masa kafin ya biya. Sai ya ɗaure jakarsa a bayan babur ya kama hanya, kamar bai san furfura ta cinye masa kai ba. Haka aka yi ta yi, har ranar da yashi ya kwashe masa ƙafar gaba, aka kawo shi gida a amalanken shanu da karaya a kafaɗa.

Justina ta yi jinyarsa ba ta ce masa komai ba, sai da ya fara iya ɗaga hannu ya ci tuwo da kansa. Ran nan ta zauna a gabansa ta ce, “Baban Rejoice, babur ɗin nan na sayar.”

Ya ajiye lomar da ya ɗauko. “Kin yi me?”

“Na sayar. Ba zan hana ka zuwa wajen shanunka ba, don na san in na hana ka ciwo za ka kwanta. Amma da ƙafa huɗu za ka je. Ka tashi ka je wajen Alhaji.”

Alhaji Ilu maƙwabcinsu ne, katanga ɗaya ta raba su, kuma dilan motoci ne, yana da fili a bakin titin Maigatari. Abotarsu da Likita ta daɗe har ba wanda ya tuna mafarinta. Ragunan da Alhaji yake kiwo ba su taɓa sanin wani likita ba sai shi. 'Ya'yan Hajiya Rabi, matar Alhaji, duk a hannun Justina suka faɗo. Shekarar da mahaifiyar Justina ta rasu, Alhaji ne ya rufe filinsa ya tuƙa su da kansa har Mangu, ya zauna a waje a kan benci har aka gama jana'iza, ya dawo da su. Kullum bayan la'asar kuma za ka same su su biyu a gindin darbejiyar ƙofar gida, suna shan shayi suna gardama a kan abin da bai shafe su ba.

Ranar da za a je zaɓen mota, Justina ta bi Likita, don ta san halin mijinta. Ita ƙaramar mota take so, mai saukin sha'ani. Amma suna shiga filin idon Likita ya faɗa a kan wata doguwar jif fara da ke can ƙarshe, irin wadda mutanen boda suke kira kat-kat, wato mai ja da ƙafafunta huɗu duka. Ta fi duk motocin filin tsayi, tayoyinta faffaɗa kamar na tarakta. Ya zagaya ta, ya shafa ta, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashinta kamar mai duba hantsar saniya. Justina ta ga fuskarsa, ta san magana ta ƙare.

Alhaji bai ɓoye komai ba. Ya ce, “Likita, daga Damagaram ta zo. Mai ita hanyar sahara yake bi, shi ya sa ya ɗaga ta sama da yadda kamfani ya ƙera ta, ya sa mata waɗannan tayoyin. Injinta lafiya lau, na hau ta da kaina. Kuma ga maganata a gaban Maman Rejoice: daga yau har a yanke gero, inji da giya da duk abin da ke juya ƙafafunta, in ya lalace a wuyana yake.”

Zayyad, babban ɗan Alhaji, yana tsaye a gefe. Shi ne ya yi karatun kasuwanci a Kano ya dawo yana taya ubansa. Ya ɗan rusuna ya ce, “Baba, a faɗi sharaɗin mana, don garanti ba ya tafiya sai da sharaɗi. Baba Likita, in dai ba a canza mata komai ba, kuma ba a sa ta aikin da ya fi ƙarfinta ba.”

Alhaji ya harare shi. “Kai, da wa kake sharaɗi? Da Likita?”

Likita ya yi dariya ya ce, “Ƙyale shi, Alhaji, gaskiya ya faɗa. Na ji, na kuma yarda.”

Farkon damina ke nan, gero bai wuce gwiwa ba. Motar nan ta mayar da Likita yaro. Da sassafe zai fito da bokiti ya wanke ta da kansa, ko da ruwan sama ya riga ya wanke. Ran Lahadi sai ya ajiye ta a inda duk wanda ya fito daga coci zai gan ta. Ba a daɗe ba ya kai ta wajen mai walda, aka cire kujerar can baya don ya riƙa ɗauko ɗan maraƙi ko tunkiya mara lafiya, aka kuma liƙa mata wata ƙatuwar ƙugiya ta ƙarfe a baya. Justina ta tambaye shi ƙugiyar ta mece ce, ya ce, “Ko da wata rana.”

Wata ranar kuwa ta zo lokacin da gero ya fara fitar da kai. An kira shi wata ruga a ƙasar Gagarawa, kuma mai kiran ya ce matarsa A'i ta haihu tana fama da kumburin ƙafa, ko Mama za ta zo ta duba ta. Suka tafi tare da hantsi. Ya duba shanu, ta duba mai jego, aka cika musu ƙwarya da nono, suka juyo.

An yi ruwa sosai a daren jiya. A wani kwari da hanya ta ratsa, suka tarar da motar kaya maƙare da buhunan taki ta nutse a laka har ciki. Direba da mutanen ƙauye sun yi tura sun gaji, duk sun yi dumu-dumu da taɓo. Suna hango kat-kat suka hau ɗaga hannu.

Justina ta ce, “Baban Rejoice, waccan motar ta ninka taka. Ka ce su sauke kayan tukuna.”

Ya ce, “Hadari na haɗowa. In ruwa ya taɓa takin nan, na mutanen ƙauye guda ya narke. Bari dai mu gwada.”

Aka ɗaura sarƙa a ƙugiya. Ya sa giyar ƙarfi ya taka. Motar ta yi gurnani, ta tona ƙasa, ta yi rawa, sarƙa ta miƙe kamar za ta tsinke. Ya saki, ya sake takawa. A karo na uku motar kaya ta yi wani tsalle ta fito, mutane suka kaure da ihu, wani tsoho ya kama hannun Likita ta taga yana ta sa masa albarka. Likita ya dubi matarsa yana murmushi har kunne. Ita ma, duk da ranta bai kwanta ba, sai da ta murmusa.

Ba su yi nisa ba ta fara jin wani kuka daga ƙarƙashin kujerarta, ƙur-ƙur-ƙur, kamar ana niƙa tsakuwa. Kafin ta buɗe baki sai ji suka yi ƙwam! Motar ta girgiza, wani abu ya doki ƙarƙashinta, ta ja da ƙyar ta tsaya. Inji na ta aiki, amma ko ya taka mai ba ta motsi sai ƙara.

Likita ya sauka ya durƙusa. Ya daɗe a durƙushe. Da Justina ta zagayo, ta ga dogon ƙarfen da ke kai juyi daga giya zuwa ƙafafun baya, wanda makanikai ke kira farfela, ya tsinke daga gaba ya soki ƙasa, baƙin mai kuma yana ɗiga daga cikin motar. Ta dubi mijinta, rigarsa duk laka, yana shafa ƙarfen kamar dabbar da ta mutu a hannunsa. Maganar da ta zo mata baki ta haɗiye ta. Ta kama shi ta tashe shi, ta ce, “Tunda mu muna lafiya, da sauƙi.”

Motar kayan da ya ceto ce ta iso ta ja su zuwa Gagarawa Tasha, inda wani ɗan cocinsu mai suna Chris yake da gareji. Chris ya shiga ƙarƙashi ya fito yana girgiza kai. Ya ce farfela ta tafi, kuma da ta tsinke ta fasa ƙaramin akwatin giyar da ke raba ƙarfi tsakanin ƙafafun gaba da na baya. Irin wannan akwatin, in ji shi, ba a samunsa a Gumel, a Kano ma sai an sha yawo.

Justina ta ce, “To ai da sauƙi, gero bai nuna ba. Alhaji ya ce a wuyansa.”

Nan take Likita ya juyo. “Kada Alhaji ya ji.”

“Saboda me?”

Ya ja ta gefe ya rage murya. “Kin kuwa lura da filinsa kwanan nan? Tun da harkar boda ta rikice, kuɗin sefa ya yi tsada, motocin da ke wurin suna nan suna shan rana, ba mai taya su. Mutumin nan in ya ji, ragunansa zai kwasa ya kai Maigatari ya gyara min mota. Kuma ni na ja motar kaya, Justina. Yaron nan Zayyad ya faɗi sharaɗi da bakinsa, na ce na yarda. Da wane ido zan je in ce a biya ni? Ki yi min alkawari ba za ki gaya masa ba.”

Sunanta da ya kira ya sa ta gane abin ya kai masa zuci, don ba ya kiran sa sai magana ta yi nauyi. Ta ce ta yi alkawari. Aka tura motar bayan gareji aka lulluɓe ta da tamfol, su kuma suka shiga motar haya zuwa Gumel.

Likita dattijon coci ne, bai iya ƙarya ba. Da la'asar ɗin farko da Alhaji ya tambaye shi ina mota, sai ya ce, “Tana wajen Chris,” ya ɗauko maganar tsadar dusa. Washegari Alhaji ya sake tambaya, ya sake ba shi amsar nan. Daga nan Likita ya fara guje wa gindin darbejiya. Yau ya ce kansa ke ciwo, gobe ya ce yana da taron coci. Chris ya aika Kano aka nemo akwatin giyar, wanda aka samu bai yi daidai ba, aka mayar. Kwanaki suka yi ta tafiya, wayar makiyaya kuma ba ta daina kuka ba. Likita yana fita da safe ya ce zai shiga motar haya, ya dawo da yamma a gajiye.

Wata ranar wanki Justina ta ɗauko wandonsa, ta ga ƙafar dama ta ƙone ta yi rami. Ta shekara da shekaru tana ganin irin wannan ƙunar a asibiti, ta san salansar babur ce. Ta same shi a ɗaki ta ce ya naɗe wando. Ya naɗe. Ga ƙuna nan a ƙwaurinsa, ta yi ruwa, ya rufe ta da tsumma.

“Ɗan acaɓa ne,” ya ce a hankali. “Rugar ba ta kan hanyar mota.”

Ba ta yi faɗa ba. Ta ɗauko ruwan gishiri ta wanke ciwon, ta shafa magani, ta naɗe da bandeji. Da ta gama ta wanke hannu, ta yafa gyale ta fita.

Hajiya Rabi tana tsakar gida tana tsince zogale. Tana ganin ta ta ce, “Maman Rejoice, kamar kin san ina neman ki. Zauna. Me Alhaji ya yi wa Likita?”

“Me kika gani?”

“Mutumin nan ya daina cin abincin kirki. Kullum da la'asar sai ya sa a kai shayi ƙofar gida, kofi biyu, ya zauna shi kaɗai ya dawo. Ya ce tun da ya sayar wa Likita mota Likita yake gudunsa. Wai ko motar ce ba ta yi masa ba ya sayar a ɓoye, ko kuwa maganar da Zayyad ya yi ce ta ɓata masa rai. Jiya har faɗa ya yi wa yaron, ba gaira ba dalili.”

Justina ta zauna a kan tabarma, ta ja farantin zogalen gabanta ta fara tsinta. Ta ce, “Hajiya, an sa ni alkawarin ba zan gaya wa Alhaji ba. Amma ba a ambaci sunanki ba.” Sai ta kwashe labari duka ta faɗa mata, daga motar taki har ƙunar salansa.

Hajiya Rabi ta riƙe haɓa tana ji. Da aka kai ƙarshe ta fashe da dariya har da hawaye. “Oh ni Rabi! Wancan yana can yana ramewa don kada ya ɗora wa wannan nauyi, wannan yana nan yana ramewa don yana zaton an yi fushi da shi. Ashe ba ni kaɗai ke rainon tsoho ba. Bar ni da shi, ni ban yi wa kowa alkawari ba.”

Washegari tun da safe Justina ta ji motar Alhaji ta fita. Ba ta dawo ba sai bayan azahar, kuma a ƙofar gidansu ta tsaya. Alhaji ya yi sallama sau ɗaya ya shigo zaure, Zayyad na bin sa a baya. Babbar rigar Alhaji duk baƙin mai a gwiwa, alamar da kansa ya shiga ƙarƙashin motar. Likita ya fito yana ɗingishi, ya gan shi, ya dubi matarsa. Ita kuwa ta shimfiɗa tabarma ta kawo ruwa kamar ba ta san komai ba.

Alhaji bai taɓa ruwan ba. Ya ce, “Likita, yaushe na zama baƙo a wurinka?”

“Alhaji, ba haka ba ne…”

“Haka ne mana! Na yi magana a gaban iyalinka, na ce a wuyana. Ka ɗauki motar ka kai ta wani gari ka lulluɓe kamar kayan sata. So kake a ce maganar Ilu iska ce? Ni da na ce inji da giya da abin da ke juya ƙafa, farfela ba ta juya ƙafa ne?”

Likita ya ce, “Tana juyawa. Amma ni na karya ta. Na sa mata ƙugiya, na ja motar da ta ninka ta. Sharaɗi ya warware, ba ka da laifi ko ɗaya, kuma sisinka ba zai shiga gyaran nan ba.”

“Sharaɗin wa? Ni na yi sharaɗi da kai?”

“Ɗanka ya yi, kuma na amsa.”

“To ɗana ne ya sayar maka ko ni?”

Murya ta fara tashi. Justina ta ga ikon Allah: ta sha ganin mai saye da mai sayarwa suna faɗa kowa na tura wa ɗan'uwansa laifi, amma yau ga tsofaffi biyu suna neman shaƙe juna kowa na cewa laifin nasa ne. Alhaji ya rantse ba zai ƙara shan shayi da mutumin da ya raina maganarsa ba. Likita ya ce shi ma ba zai hau motar da aka sayar da raguna aka gyara ba.

Sai ta juya wajen Zayyad, wanda ya takure a bakin ƙofa yana kallon ƙasa. Ta ce, “Zayyad, matso nan. Ni na yanke maka cibiya, ba za ka yi min kwana-kwana ba. Kun ga motar, kun ji bakin Chris. Me ya karya ta? Kada ka dubi babanka, kada ka dubi Likita.”

Zayyad ya durƙusa. Ya ce, “Mama, abu biyu ne. Jan motar kayan nan ya yi mata yawa, wannan ba shakka, shi ya ƙarasa ta. Amma Chris ya nuna mana mahaɗin farfelar da ya tsinke, cikinsa ya riga ya cinye, har da tsohuwar tsatsa. Ɗaga motar da aka yi a Damagaram ne ya sa farfelar take aiki a karkace, tana cin kanta a hankali. A haka muka sayar da ita. Ko Baba Likita bai ja komai ba, da wuya ta kai kaka ba ta ba da matsala ba. Ni na kawo maganar sharaɗi, kuma har yanzu ina ganin daidai ne a faɗe shi. Amma gaskiya ɗaya ce, rabin abin daga wajenmu yake.”

Alhaji ya buga cinya. “Ka ji ko!”

Likita ya ce, “Rabi ya ce, Alhaji. Rabi.”

“To ku saurara,” in ji Justina. “Tunda kun kasa, ni zan raba muku. Alhaji, kai ka san Damagaram, can 'yan'uwan motar nan suke. Farfela da akwatin giya kai za ka nemo, wannan shi ne maganarka, ba wanda zai hana ka cika ta. Baban Rejoice, kai za ka sallami Chris ladan aikinsa, don kai ka ja motar taki. Ƙugiyar nan a yanke ta a ba masu gwangwan. Motar kuma a sauke ta ta koma yadda kamfani ya yi ta, a sa mata tayoyin da suka dace da ita.”

Likita ya zaro ido. “A sauke ta? Ai tsayin nan shi ne kyanta!”

Alhaji ma ya ce, “Gaskiya, Maman Rejoice, tsayin nan…”

“Au, yanzu kuma bakinku ya zo ɗaya?” Ta dubi Zayyad. “In ba a sauke ta ba, sabuwar farfelar za ta daɗe?”

“Ba za ta daɗe ba, Mama.”

“To shi ke nan.”

Alhaji ya miƙa hannu ya ɗauki kofin ruwan ya shanye. Sai idonsa ya kai kan bandejin da ke ƙafar Likita. Ya tambaya, aka gaya masa. Ransa ya ɓaci fiye da ɗazu, amma wannan karon muryarsa ƙasa ta yi. Ya ce, “Da girmanka, da karayar da ka yi, ka koma bayan ɗan acaɓa don kada ka tambaye ni? Haba, Likita.” Ya ɗan jima yana kallon ƙafar. “Kafin a gama gyaran nan, duk rugar da aka kira ka, ni zan kai ka. Zayyad ya ji da fili.”

Likita ya buɗe baki zai yi gardama, Justina ta yi gyaran murya, ya rufe.

Haka kuwa aka yi. Alhaji ya yi waya Damagaram wajen wani tsohon abokin cinikinsa, ba a jima ba kayan suka iso Maigatari a motar 'yan kasuwa ran Alhamis. Rago ɗaya dai sai da ya tafi, amma Hajiya Rabi ta ce dama mafaɗaci ne, ya ishe ta da tunkuyi. Kafin Chris ya gama aiki, makiyayan ƙasar Sule Tankarkar sun saba da ganin wani Alhaji mai babbar riga yana riƙe wa Likita igiyar saniya, yana ba da shawarar da ba wanda ya tambaye shi. Suna dawowa da yamma da warin shanu a jikinsu, suna gardamar wanda ya ɓatar da hanya.

Ana cikin yankan gero aka kawo motar. Ta rage tsayi, ta daina gurnani, tana tafiya sumul. Likita ya zagaya ta yana ɗan ɓata fuska, ya ce ta koma kamar motar kowa. Amma da ya ɗana ta zuwa Maigatari ya dawo, bai sake cewa komai ba.

Ran Asabar da ta biyo baya, yana wanke ta, Justina ta fito da takalmin da take zuwa gona da shi, ta miƙa masa hannu. “Ba ni makulli.”

“Za ki ɗauki wani abu a ciki ne?”

“Koya min za ka yi. Ran da ƙafarka ko kafaɗarka ta ƙi, ba sai mun tayar da Alhaji daga filinsa ba.”

Ya dube ta sama da ƙasa, ya ga ba wasa take ba. Suka tafi filin ƙwallon makarantar firamare da ke bayan unguwa. Hajiya Rabi ta ce wallahi ba za a yi wannan babu ita ba, ta shige baya da mayafinta. Sau biyu motar tana zabura ta mutu, Likita na dafe da ƙirji yana cewa, “A hankali, saki kulocin a hankali, sabuwar farfela ce!” Hajiya Rabi kuwa tana baya tana salati tana dariya. A na uku motar ta ɗaga lafiya, ta miƙe ta nufi ragar can ƙarshen fili. Justina ta ƙanƙame sitiyari da hannu biyu, ta ce, ba tare da ta waiwaye shi ba, “Baban Rejoice, wanne ne ma birkin?”